Tabarmar Da Na Naɗe Da Hannuna

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban talikai.

Zuwa ga Bashir, autana, a Madani.

Ina gaishe ka, ina gaida mutanen da suka ba ka masauki. Allah Ya sa takardar nan ta iske ka da lafiyar jiki da kwanciyar rai. Allah Ya tsare fitarka da komawarka, Ya raba ka da sharrin mai bindiga da sharrin mai biro.

Malam Tukur ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. Ya ce a yi da Larabci don ka fi saurin karantawa, na ce a'a. Da Hausa na yi kuskurena, da Hausa za ka ji shi. In ka yi tuntuɓe a wata kalma ka koma baya, ba gudu muke ba. Labarin gida kuma ba zan ba ka ba, yana wurin uwarka, ku da kuke waya kullum kamar an raba ku da shekara goma.

Ga abin da ya sa na zauna. Ka bar gidan nan ban sa maka albarka ba. Ka sani, na sani, har matan da ke wanki a bakin kogi sun sani. Ka zo da jakarka ka durƙusa, ina ɗaure igiyar gado, ka ce, "Baba, zan tafi." Na ce, "Ƙafarka ce." Ban ɗaga kai ba. Tun ranar uwarka Hajo ba ta ce mini komai sai "ga abinci", shayin ma da take kawo mini kamar an wanke kofi.

Ka ce aikinka shari'ar iflas, wato in ɗan kasuwa ko manomi ya karye, bashi ya fi ƙarfin abin hannunsa, kai ne muhamin da zai tsaya gaban alƙali har a raba abin da ya rage. Wata rana kana gefen masu bin bashi, wata rana gefen wanda ake bi. Ka ce bayan yaƙin nan da ya kwashe kantunan mutane aikin ya yi yawa a Madani. Na ce maka haka mai haƙa kabari ke cewa a shekarar annoba. Wannan maganar ban janye ta ba, don gaskiya ce. Amma ba ita ta hana ni ɗaga kai ba. Abin da ya hana ni ya girme ka, kuma ban taɓa faɗa maka shi da bakina ba.

Kafin a haife ka ina da ɗan rufin asiri. Ina da rumfa a kasuwa, ina ba da shel: in ba manomi dawa ko kuɗi da damina, ya biya ni da hatsi in kaka ta yi. Cikin waɗanda na ba akwai Jibo. Ba ka san shi ba. Tare aka yi mana kaciya, tare muka koyi iyo, in uwata ta kore ni a ɗakin uwarsa nake cin tuwo. Shekarar nan tsuntsayen jan-baki suka sauka a gonakin gabas kamar hadari, suka bar wa Jibo kara tsaye. Ba ni kaɗai nake binsa ba, akwai mai kanti, akwai mai tarakta, akwai wani surukinsa.

A lokacin, in mutum ya karye a garin nan ba a zuwa ko'ina. Dattawa ke shimfiɗa tabarma a ƙofar masallaci bayan la'asar. Wanda ya karye ya faɗi duk abin da ya mallaka, masu binsa su zauna, kowa a ba shi gwargwadon nasa, kowa kuma ya yafe wani abu, ko da kaɗan ne, don kada a tashi da ƙulli. Akwai abubuwan da ba a ko ambatonsu a kan tabarmar: tukunyar gida, fartanya, shimfiɗar matarsa, da iri. Liman na lokacin yakan ce, wanda aka bar wa iri an bar masa hanyar biya.

Aka shimfiɗa wa Jibo. Ni ban je ba. Ka san me ya hana ni? Ana gobe Sallah na gan shi a Sinnar yana tayin jallabiya sabuwa. Mutumin da ke cewa ba shi da ko ƙwaya! Daga baya aka ce wai ba tasa ba ce, wai wani aka aike shi ya saya wa. To, aka ce. Ni dai na ga hannunsa cikin aljihu, kuma har gobe ban ce ban gani ba. Malam Tukur yana girgiza kai. Rubuta kawai, Malam.

Liman ya aiko mini har rumfa, na ce ina da ciniki. Washegari na hau mota na kai ƙara mahkama. Ni ne mutum na farko a garinmu da ya kai ɗan gari gaban alƙalin gwamnati a kan bashi, kuma a lokacin da alfahari nake faɗin haka. Aka yi ta kai da kawowa har na sami takarda, na zo da ɗan sanda ƙofar Jibo. Masu tabarma sun riga sun raba 'yan awakinsa. Muka tarar da jaki gurgu, na ce a kwance. Sai na ɗaga kai a madafi na ga damin iri rataye a rufi, inda hayaƙi ke bugunsa don kada ƙwaro ya ci.

Bari in gaya maka ko wane iri ne. Wata kaura ce ja mai zaƙi, muna ce mata Ta-Yamma. Kakanninmu suka ƙullo ta a bakin zane lokacin da suka taso za su Makka da ƙafa, duk inda damina ta tsare su su shuka, su girbe, su ci gaba. Sauran gidaje sun sake ta sun kama irin da hukuma ke rabawa. Inna Ladi, uwar Jibo, ita kaɗai ta riƙe. Kowace kaka ita ke shiga gona da kanta ta zaɓi zangarniya.

Na ce a sauke. Ɗan sandan nan, Balarabe ne, bai san mu ba bai san tarihinmu ba, ya ce, "Ya Hajji, bar wannan mana, me zai yi maka?" Na ce ko yana cikin takarda an ce a bari? Ya ce shi bai ga an rubuta ba. Na ce to sauke.

Inna Ladi ta fito tana dogara bango. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Salihu, kai ne?"

Na ce, "Ni ne, Inna. Haƙƙina nake bi."

Ta ce, "Tuwon da ka ci a ɗakin nan, na wannan dawar ne. Shi ma a lissafa, ko an yafe?"

Jibo yana tsaye bakin zaure yana kallo. Na ɗora damin a kan jakin na fita. Da na sussuke bai cika ko rabin buhu ba. Na sayar wa wani mai kiwon tantabaru a Sinja.

Kafin ruwa ya sauka Jibo ya kwashe iyalinsa suka tafi tsinkar auduga, daga can ba su dawo ba. Inna Ladi a wani sansanin 'yan ƙwadago ta rasu. Shi kuma ya daɗe yana dako a kasuwar Madani, nan garin da kake, har Allah Ya karɓi abinsa. Da labari ya zo aka cika mota za a gaisuwa. Na ce ni ƙafata na ciwo. Na gaya wa kaina fushi ne. Ba fushi ba ne, ban san da wace fuska zan zauna gaban 'ya'yansa ba.

Don haka ka ji ni, Bashir. Duk gidan da aiki ya kai ka, ko kanti, ko gareji, akwai abin da yake shi ne irin mutumin. Na tela keke ne, na mai raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, rakshar ce, na mai shayi ma akwai. Ka neme shi tun kafin ka fara ƙidaya, ka sa jikinka tsakaninsa da masu kwasa. Ranar da muka yi musu ka ce doka ma ta ce a bar wa mutum abin da zai rayu da shi. Madalla. Amma doka ba ta da ƙafa, sai wani ya ɗauke ta ya kai ta ƙofar gida. Kuma in kana gefen mai bin bashi ka ga ya nace a kan abin da bai kai ya kawo ba, ka tsaya ka tambaye shi me aka yi masa. Ba kuɗi yake bi ba, wata jallabiya ya gani. Kada ka zama sandar da zai rama da ita.

Yanzu tawa faɗuwar. Wannan ka san bakinta, don kana raye, ko da yake ba ka fi tsayin turmi ba.

Da banki ya fara ba manoma kuɗin noma a biya da amfanin gona, na ce ni ma zan faɗaɗa. Na kama fili a gabas ya fi ƙarfina. Aka tura mini takardu a kan tebur, har da shek, takardar cire kuɗi, da ba a cike ba, aka ce in dangwala. Ƙanena Haladu, baffanka, ya yi makaranta, yana nan gari ɗaya da ni. Da na ce masa zo mu je ka duba mini, da ya zo. Amma ni yaya, in kira yaron da na goya ya karanta mini takarda gaban baƙi? Na dangwala yatsa ina murmushi kamar na fahimta. Ruwa ya yi yawa shekarar, riɗi ya ruɓe a tsaye, abin da ya tsira farashi ya kashe shi. Aka cike shek ɗin, aka kai, ba kuɗi. Aka ce in zauna kurkuku sai na biya.

Da Haladu ya zo duba ni, kalmar farko da ta fito bakinsa, "Yaya, da ka kawo mini na karanta maka." Mutum yana bayan ƙarfe, abin da za ka ce masa ke nan? Gaskiya ya faɗa, na sani. Amma akwai gaskiyar da ake bari sai an sha ruwa. Har yau in muka haɗu a jana'iza muna gaisawa ne kamar surukai.

Kai dai duk wanda ya zo wurinka da takarda a hannu, ya ce maka ya karanta ya gane, kada ka yarda. Ka karanta masa da ƙarfi, sannu a hankali, ka ce al'adar ofishinku ce, kowa haka ake yi masa. Ka ba shi hanyar da zai ji ba tare da ya ce bai iya ba. Kuma kada ka taɓa ce wa wanda ya riga ya faɗi "da ka yi kaza". Ya fi ka sani.

Ina can ciki na aika gida a gaya wa dattawa su shimfiɗa mini tabarma, ko mutanen gari da nake da nasu za su sassauta, a tattara abin da ya samu a rufe bakin banki. Saƙon da ya dawo mini gajere ne: "Wace tabarma? Ai kai ka naɗe ta." Tun bayan shari'ata da Jibo kowa ya ga hanya. Mai kanti ya kai mai tarakta, suruki ya kai suruki. Ba wanda ya ƙara zama a ƙofar masallaci don ya yafe wani abu, tunda wanda ya ƙi zama shi ya tashi da jaki. Na ji haushin dattawan nan shekara da shekaru. Wasunsu ma da na sha ba su bashi ba riba. Amma da na laluba ban sami inda suka yi ƙarya ba.

Muhamin banki yaro ne kamar kai yanzu. Takalminsa na sheƙi, yana da ladabi ga alƙali, muryarsa a kwance. Duk zaman da muka yi bai dubi fuskata ba ko sau ɗaya. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Yana magana a kaina kamar ana tayin buhun da ke bayan rumfa. Ranar da ka zo mini da rigarka ta aiki da jaka a hannu, shi na gani, Bashir. Shi ne ya durƙusa a gabana ya ce zai tafi. To ka gaya mini yadda zan ɗaga kai.

Amma don kada in ci amanar gaskiya, ba shi kaɗai ne muhamin da na sani ba. Akwai wata mata da ke zagaya manoman da aka tsare, ba ta karɓar komai. Ta iske ni a tsakar kurkuku, ta shimfiɗa gefen mayafinta ta zauna a ƙasa, ta ce, "Baba, me ka shuka?" Tun da aka kama ni ba wanda ya tambaye ni wannan. Na yi ta ba ta labarin riɗi kamar mahaukaci. Da na gama ta ce akwai hanya. In mutanen garinmu suka tsaya gaban alƙali suka rantse ba ni da abin biya, ba ɓoyewa na yi ba, za a iya sakina in nemi abin biya a waje.

Na ce, "Su rantse me?"

Ta ce, "Cewa ba ka da komai."

Na ce, "Ni Salihu? A tsaya cikin jama'a a ɗaga hannu a ce ba ni da komai? Ustaza, ina da shanu wurin Fulani."

Ba ni da ko kaza. Ta dube ni, ta san ƙarya nake, ba ta ce ƙarya nake ba. Ta ce za ta dawo. Ta yi ta dawowa, ni kuma ina ta ƙara wa shanun yawa. Damina ta wuce, sanyi ya wuce. Uwarka ta sayar da 'yan kunnenta da gadon aurenta tana kawo mini abinci a mota, yayyenka suka bar karatu suka shiga ƙwadago a hawashar mutane, wato gonakinsu. Wannan ne ya sa kai kaɗai ka yi nisa a makaranta, ba don ka fi su kai ba. Ka riƙa tuna haka in yayanka Sani ya kira ka yana neman wani abu.

Rannan Hajo ta zo ba kwano a hannunta. Ta tsaya jikin ƙarfen ta ce, "Innarka ta cika shekaranjiya. Haladu ne ya sa ta a kabari. Ta yi ta tambayar ko ka iso." Ta ce, "Ka yi zamanka, Malam. Girmanka na nan, ba wanda ya taɓa shi."

Satin nan na aika wa ustaza na ce a kira shaidu. Haladu ya rantse, Malam Tukur ya rantse, shi wannan da ke riƙe da alƙalami. Abin da na ƙi har uwata ta mutu ba na kusa, kafin a sha kofin shayi an gama shi. Rufin mahkama bai faɗo ba.

Wannan shi ne babban abin da zan ba ka, don ba za su koya maka a jami'a ba. Wanda ya karye zai yi maka ƙarya. Akwai ɓarayi a ciki, ban hana ba, masu ɓoye dukiya da sunan matansu, waɗannan ka bi su har rami. Amma mafi yawa ba rage abin hannunsu suke yi ba, ƙara shi suke yi. Zai ce maka yana da kaya a hanya, yana da ɗan'uwa a Saudiyya da zai aiko. Kada ka ƙaryata shi a gaban mutane, kada ka tambaye shi gaban 'ya'yansa. Ka zauna daidai da shi, ka tambaye shi sana'arsa kafin ka tambaye shi bashinsa. Amma kada ka yi masa haƙurin da ustaza ta yi mini. Allah Ya saka mata, ta cika kawaici. Da ta daka mini tsawa tun farko ta ce tsoho, kana da uwa a gida, wataƙila da na ga Inna. Ka gaya masa abin da taurin kansa zai ci, ka kira masa sunayen waɗanda za su biya.

Kuma in ka ga masu bin bashi da wanda ake bi za su iya zama ɗaki ɗaya su sasanta kafin a kai ga alƙali, ka zaunar da su, ko da kuɗin aikinka zai ragu. Na san maigidanka a ofis ba zai so ba. Ka ce masa ubanka ne ya ce.

Da muka kawo nan na ce wa Malam ya rubuta sharaɗi. Na ce ya rubuta: in ka yi mini alkawari ba za ka taɓa tsaya wa banki a kan manomi ba, in ka rantse a kan abubuwan da na lissafa, ka aiko da amsa, sannan in sa maka albarka. Ashe Hajo na bakin ƙofa tana tsince wake, kunnenta na nan. Matar da ta yi kwana da kwanaki ba ta yi mini doguwar magana ba, sai ta ɗaga murya ta ce, "Malam Tukur, tambaye shi, albarkar ma shel zai ba yaron? Nawa za a biya da kaka?"

Malam ya ajiye alƙalami yana dariya har da tari. Na ce mata ba da ita nake ba. Ta ce, "Ai kai ba ka taɓa yi da kowa ba."

Ban ce ta yi daidai ba, kada ta ji a wurinka cewa na ce. Amma na ce wa Malam ya bar sharaɗin, kada ya rubuta shi a matsayin sharaɗi. Ban san aikinka ba. Wataƙila gobe a tura ka ka tsaya wa banki, kuma bankin ne ke da gaskiya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, wani kuma dole ya tsaya a tsakiya ranar rabo. Tunda na hana garinmu masu tsayawa, ba ni ne zan hana Madani ba.

Saboda haka buɗe hannunka, Bashir, kamar kana gabana.

Allah Ya yi maka albarka. Na sa maka, ba bashi ba ce, ba na bin ka komai a kanta. Na yafe maka abin da ka yi mini da wanda ba ka yi ba na ɗora maka. Allah Ya sa gaskiya a bakinka, Ya sa tausayi a idonka, Ya hana hannunka ɗaukar abin da zai dame ka da tsufa. Allah Ya tsare ka a mota da raksha, a kasuwa da gaban alƙali, Ya kare ka daga zazzaɓin damina da ruwan da ba a tafasa ba. Ya haɗa ka da maigida mai tsoron Allah da abokan da za su gaya maka gaskiya tun da sauran lokaci. Ya dawo mana da kai lafiya, ina raye. Amin.

Ba sai ka ba da amsa ba. In ka zo Sallah ka shigo ka gaishe ni yadda ka saba, ka ci tuwonka. Kada ka tayar mini da maganar takardar nan a gaban mutane.

Ubanka,
Salihu